Mai zana hanya da mai taka keke: wasiƙa zuwa Damagaram

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena na Damagaram, daga Birni har Zango. Ina gaishe ku daga Grenoble, wani gari a gindin duwatsun Alp na Faransa, inda nake gyaran kekuna yau shekara tara. Ina fata an kai gero rumbu lafiya, hunturun bana kuma ya zo da sauƙi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da ƙanena ya naɗo mini a waya daga fadarsu, bayan gasar tseren keke ta duniya da aka yi a Kigali cikin Satumba 2025. Wani mai babbar murya yana ta rantsuwa cewa Biniam Girmay ya ba Afirka kunya a tsakar gidanta. Wani kuma ya ce ai tseren keke ba shi da wata dabara, wanda ya fi cinya shi ke ci. Na saurara sau biyu, har ƙarar kofunan shayi ina ji. Na so in amsa da saƙon murya, sai na ga zancen ya fi ƙarfin minti biyu.

Malam mai babbar murya, bari mu fara da Kigali ɗin. Hanyar da aka shata wa maza ta kai kilomita 267, kuma idan aka tara hawan da ke cikinta ya haura mita 5,400, a garin da shi kansa yake kan tudu kimanin mita 1,500. Ga wani hawa da aka shimfiɗa wa duwatsu, wanda keke ke rawa a kansa kamar amalanke a hanyar ƙauye. Mutum sama da 160 suka tashi, 30 kacal suka kai ƙarshe, babu Girmay a cikinsu. Tadej Pogacar na Sulobeniya ya ci. Girmay kuwa gwanin mita 200 na ƙarshe ne. Shi ne ɗan Iritiriyan da ya ci tseren Gent-Wevelgem a Beljiyam a 2022, ya ci zango uku a Tour de France na 2024, ya kuma tafi gida da koriyar riga, wadda ake ba wanda ya fi tara maki, abin da babu baƙar fatar Afirka da ya taɓa yi. Amma kafin ya nuna gudunsa dole sai an iso kusa da layi a dunƙule. A Kigali tun tsere bai yi nisa ba tudu ya riga ya tankaɗe mutane kamar gari a rariya. Ku kai dokin sukuwa rairayin arewacin Tanut ku haɗa shi da raƙumi, in ya sha kashi wa za ku zarga? Ni a ganina, ranar da aka zana wannan hanya aka fitar da Girmay daga lissafi, kuma abin ya yi mini ciwo, tunda karo na farko ke nan da aka kawo gasar nahiyarmu.

Nan Faransa kowa ya san wannan. Ana yin Tour de France cikin Yuli, tun 1903 ake yinsa, amma hayaniyar tana farawa ne cikin Oktoba, ranar da Christian Prudhomme, shugaban tseren, yake tsayawa a wani babban zaure a Paris ya buɗe taswirar baɗi. Wanda ke bin hanyoyin da mota yana auna kowace kwana da kowane tudu shi ne Thierry Gouvenou, tsohon ɗan tsere. Zango 21 ne, da hutun kwana biyu, jimilla wajen kilomita 3,300 zuwa 3,500. Ranar nan a shagonmu aiki ba ya tafiya. Maigidana yakan ajiye sifana ya tsaya gaban tele yana ƙirga abu uku da yatsa: zango nawa ke ƙarewa a kan dutse, kilomita nawa za a yi na tseren agogo, wato wanda kowa ke tafiya shi kaɗai ana auna lokacinsa, sannan ina aka bi ta fili mai iska. Kafin a kashe tele ya riga ya faɗi sunan mutum biyu ko uku, ya ce sauran sun zo rakiya.

Dalilin ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne, duk wanda ya taɓa kai kaya Mirya a keke ya san shi a jikinsa. A shimfiɗaɗɗiyar hanya babban abokin gabarka iska ce. Wanda ya laɓe bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahala, wanda ke tsakiyar ayari kuwa ya fi haka samun sauƙi. Shi ya sa da wuya mutum ɗaya ya tsere wa ɗari da tamanin a fili, kuma mai nauyi ba ya asarar komai. Da an fara hawa sai lissafi ya juye. Gudu ya ragu, laɓewa ta daina amfani sosai, kowane kilo na jikinka ya zama kayan da kake ɗauka a ka. Keken ma doka ta hana ya gaza kilo 6.8, saboda haka sauran ragin a jikin mutum ake nemansa. Jonas Vingegaard na Danmak, in kun gan shi a kasuwar Dole za ku ce a ba shi fura ya sha, amma shi ya ci Tour a 2022 da 2023. Mathieu van der Poel kuwa ƙato ne, ya ci Paris-Roubaix sau uku a jere, 2023 zuwa 2025, tseren da ke da fiye da kilomita 50 na tsohuwar hanyar duwatsu, inda mara nauyi ke tsalle kamar gyaɗa a kasko. Babu mai hankalin da zai ce ɗayansu rago ne don ya kasa a filin ɗan'uwansa.

Masu zanen kuma suna da son rai, kada a ruɗe ku. Miguel Indurain na Ispaniya ya ci Tour sau biyar a jere, 1991 zuwa 1995, a zamanin da ake zuba doguwar tseren agogo, kuma a cikin shekarun nan biyar duk zangon da ya ci na agogo ne. A 2012 an sa kusan kilomita 100 na agogo, Bradley Wiggins na Ingila, wanda ya fito daga tseren cikin zaure, ya ci. Shekara uku bayan haka, a 2015, abin da aka bari bai kai kilomita 14 ba. Masu kallo sun fi son dutse, tele ta fi son dutse, sai alƙalami ya karkata can.

To, in na tsaya nan za ku ce mai taswira shi ne sarki. Akwai abin da ba ya hannunsa. Faransawa suna da kalmarsu, ni dai nakan ce jiki ya nuna, kamar yadda gero ke nuna. Akwai ranar da ya yi ɗanye, akwai ƴan makonnin da yake daidai, akwai kuma lokacin da ya wuce, tsuntsu ya fara ci. Ɗan tsere ba ya iya zama a ganiyarsa shekara guda cur. Ƴan kokowarmu sun san haka, wanda ya ƙone kansa a wasannin ƙauye wata biyu kafin gasar takobi yakan shiga fili ƙafa ta mutu. Masu kiwon dokin hawan salla ma sun sani, akwai lokacin ƙara hatsi da kanwa, akwai lokacin ragewa. Su ƴan tseren keken nan sukan hau tsauni su zauna wajen mako uku, a Teide na tsibirin Tenerife ko Sierra Nevada ta Ispaniya, sama da mita 2,000, inda iska ba ta da kauri, don jini ya ƙara ƙarfin ɗaukar numfashi. Sai su sauko su gwada ƙafa a tseren mako guda cikin Yuni, su ɗan huta, da fatan nunar ta faɗo daidai mako na uku na Yuli. Ƴan Asmara, babban birnin Iritiriya, kuwa a kan irin wannan tsawo aka haife su, garinsu ya haura mita 2,300.

Dubi mutum biyun nan. A Afrilu 2023 Pogacar ya faɗi a tseren Liège ya karya wuyan hannu, shirinsa ya yanke. Ya zo Tour, mako biyu suna kafaɗa da kafaɗa da Vingegaard, tazarar daƙiƙa 10 kawai. Sai ga tseren agogo na Combloux, kilomita 22, Vingegaard ya ba shi minti 1 da daƙiƙa 38. Washegari a hawan Loze ƙafa ta ƙare wa Pogacar gaba ɗaya, aka gama Tour yana baya da fiye da minti bakwai. Da shekara ta zagayo sai ƙaddara ta koma kan ɗayan. Cikin Afrilu 2024 Vingegaard ya yi mummunar faɗuwa a yankin Bask, ƙashin kafaɗa da haƙarƙari suka karye, huhu ya huje. Ya warke ya zo, har ya ci zango ɗaya, amma Pogacar, wanda ya riga ya ci tseren Italiya cikin Mayu, ya bar shi da fiye da minti shida. Duwatsun dai su ne, ba a ƙara musu tsawo ba.

Ni ma na ɗanɗana, a ɗan ƙaramin matsayina. Alpe d'Huez na nan kusa da mu, tafiyar kamar awa guda a mota: kilomita 13.8, kwanar hanya 21, an sa wa kowace lamba daga ƙasa 21 har zuwa 1 a sama. Gwanaye suna hawansa cikin minti arba'in ko ƙasa da haka. Shekarata ta biyu a nan na ce ni da na yi ƙuruciyata ina kai buhu a keken Baba, wannan me zai yi mini. Na je mako guda bayan ƙaramar salla, jiki bai dawo ba, barci bai daidaita ba. A kwana ta 16 na sauka na zauna bakin hanya ina ganin taurari da rana tsaka, wata tsohuwa mai furfura ta wuce ni a kan kekenta tana yi mini sannu. Bayan wata uku na koma da keken nan dai, na hau har sama ban sa ƙafa ƙasa ba, ko da yake na ci kusan awa biyu. Wannan labari ban taɓa ba Inna shi ba, don Allah kada a kai mata.

Yanzu ga inda nake son samarin fada su buɗe kunne. Sau da yawa ina jin ana cewa mu ba za mu yi tseren keke ba tunda ba mu da tsaunuka. Gaskiya ne duwatsun Birni na ɗaukar hoto ne, ba na tsere ba, garin ma bai kai mita 500 a sama da teku ba. Amma Burkina ma fili ce, kuma tun 1987 suke yin Tour du Faso, har Turawa na zuwa su sha rana. Abin da muke da shi shi ne iskar hunturu, wadda ke busowa daga arewa maso gabas wata da watanni ba ta saɓa alkawari. Iskar gefe ita ce dutsen mutanen fili. In ta bugo daga haƙarƙari, laɓewa a bayan mutum ba ta aiki, sai dai a jeru a karkace kamar ƙatangar dangar kara, kuma faɗin kwalta mutum goma sha ne kawai zai ɗauka. Wanda bai samu gurbi ba ya shiga uku, ayari ya tsinke gida-gida. Ƴan Beljiyam da Holan da wannan suke cin abinci, masu hawan dutse kuwa suna tsoronta fiye da kowane tudu.

Da ni za a ba alƙalami, da cikin Disamba ko Janairu zan sa tseren, a tashi da hantsi lokacin da iska ta fara ƙarfi. A nufi Mirya tana dukan kafaɗar hagu, a juyo, a ratsa gari, a ɗauki hanyar Tanut a sha ta a fuska na ɗan lokaci, a saka guntun burji kilomita biyar ko shida don a ga wanda ya iya riƙe kan keke cikin ƙura, sannan a ƙare a miƙaƙƙen titi mai faɗi. Yaron da zai ci wannan ba siriri ba ne, mai ƙirji ne, irin masu tura kurar ruwa a unguwanni tun asuba. Kuma a sanar da hanyar wata uku kafin ranar, don kowa ya san lokacin da zai fara shiri da lokacin da zai huta.

Ina da tsofaffin sarƙoƙi masu kyau da tayoyi wajen ashirin da maigidana ya yarda in kwasa, zan ba wani mai zuwa gida bayan salla ya kawo wa ƙanena ya raba. Wanda ke da keke mai giya a cikinku ya auna mini lokacin da yake ɗauka daga bakin gari zuwa Mirya, zuwa daban, dawowa daban, ya kuma faɗa mini ƙarfe nawa ya tashi da inda iska ke bugowa.

A gaida Baba da Inna, a gaida mai babbar murya.

Ɗanku da ke Grenoble.