Jinyar Inna da harajin Yaya a Faransa

Tun da ɓarin jikin Inna ya shanye, Yayanmu da ke aiki a Faransa ne yake ɗaukar mafi yawan kuɗin jinya. Bana sai ya ce in riƙa tara masa takardu: ta likita, rasidin kantin magani, da shaidar kuɗin da yake turowa Garwa, garinmu a Kamaru, duk wata. Kawu bai ji daɗi ba. Ya ce mini, "Ke 'yar nan, yaushe aka fara yi wa uwa lissafi?" Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, ba Inna ake yi wa ba, gwamnatin can ce ke nema."

A Faransa, sashe na 205 na dokar zaman jama'a ya wajabta wa 'ya'ya ciyar da iyayen da ke cikin buƙata. Saboda haka abin da ɗa ya kashe wa uwarsa ko ubansa ana cire shi daga kuɗin shigarsa na shekara kafin a yanka masa haraji. Ba mayar masa da kuɗin ake yi ba, harajin ne yake raguwa. Zaman uwar a Kamaru bai hana ba, muddin ya nuna cewa lallai mabuƙaciya ce, abin da ya bayar ya dace da ƙarfinsa, kuma kuɗin sun fita daga hannunsa sun isa gare ta. A nan ne yawancin mutanenmu suke faɗuwa, don mun saba ba wa matafiyi kuɗi a ambulan ya kawo gida. Amana ce mai kyau, amma ba ta barin shaida.

Ɗan ƙanwar Inna da ke Amurka ya ji labari, ya yi murna, don shi ma yana ɗauke da mahaifinsa a Marwa, nan Kamaru. Tsarin can daban ne. Kuɗin lafiyar da ya haura kashi 7.5 cikin ɗari na kuɗin shigar mutum shi kaɗai ake cirewa, kuma sai ya kasance shi ke ɗaukar fiye da rabin nauyin tsohon. Idan a gidan kula da tsofaffi yake, sai ma'aikacin lafiya ya tabbatar ba ya iya aƙalla abu biyu na yau da kullum, kamar wanka ko sa tufafi, har na kwana 90, ko kuma ruɗewar tsufa ta sa dole a tsare shi. Sannan dole uban ya zama ɗan Amurka, ko mazaunin Amurka, Kanada ko Meziko. Tsohon da ke Marwa bai shiga ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mu gidan kula da tsofaffinmu ɗakin ƙanwata Auta ne. Ita ta rufe keken ɗinkinta ta dawo gida. Ita ke juya Inna cikin dare don kada bayanta ya yi gyambo, ita ke dama mata kunu ta ba ta da cokali, ita ke mata fifita a zafin Maris da Afrilu idan an ɗauke wuta, kuma wanda ya san bazarar Garwa ya san abin da nake nufi. Maganin hawan jini yana da rasidi. Ɗinkin sallar da ta rasa ba shi da shi, kuma babu ofishin harajin da zai tambaya.

Don haka na faɗa wa Yaya ra'ayina ba ɓoye-ɓoye. Na ce, "Yaya, ka nemi rangwamenka, haƙƙinka ne, ba abin kunya ba ne. Amma duk abin da ya ragu maka, na Auta ne." Bai yi musu ba, Allah ya saka masa da alheri.

Yanzu kuɗin suna zuwa ta banki da sunan Inna, ba a hannun matafiyi ba. Ina ɗaukar hoton kowane rasidi a waya tun ranar da aka bayar, saboda tawadar na'urar kantin magani takan goge kafin shekara ta zagayo. Kawu da kansa ya kawo mini na allurar watan jiya.