Mako na biyar da gam da almakashi

'Yan uwa masu koyon haɗa hoto da guntayen takarda, sannunku da ƙoƙari. Yau mako biyar ke nan da na fara, kuma sai a wannan makon na gama aikin da na ji zan iya jingina shi a bango in kira mutane su gani.

Har yanzu sawun Kurt Schwitters nake bi, Bajamushen mai zanen nan da aka haifa a birnin Hanoba a 1887. Bayan yaƙin duniya na ɗaya ya shiga tsintar tikitin mota, da yagaggiyar jarida, da ƙyalle, da guntun katako, yana manna su wuri ɗaya. A 1919 ya raɗa wa aikinsa suna Merz, wanda ya yanko daga kalmar Kommerz, wato kasuwanci da Jamusanci, a jikin tallan wani banki. Na daɗe ina tunanin wannan yankan: ya raba kalmar da ma'anarta, ya bar siffarta kawai.

Nan ne nake ta yin kuskure. Duk takardar da na tsinto sai na tsaya karanta ta, in sa rasit kusa da farashi, in sa katin waya kusa da lamba, aiki ya fito kamar allon sanarwa. Ranar Talata sai na juya kowane guntu kansa ƙasa. Da rubutun ya daina yi mini magana, sai idona ya fara ganin launi. Na shimfiɗa takardar buhun siminti mai ruwan ƙasa, na ɗora wani jan ƙyalle can ƙasa ta hagu, na tokare shi da bayan kwalin ashana. Na kuma ajiye almakashi na koma yaga da hannu, domin bakin yagaggiyar takarda yana barin wani farin zare-zare mai laushi, shi ne yake haɗa launi biyu ba tare da sun yi faɗa ba.

Gam kuwa ya ba ni wahala. Na lafta shi da yawa, takardar ta kumbura, iskar hunturu ta busar da gefen ya nannaɗe. Yanzu ina ɗan tsarma shi da ruwa, in shafa siriri da buroshi, in danne da littattafai ya kwana.

Da aikina biyu suka lalace raina ya ɓaci sosai, sai na tuna abin da ya samu Schwitters. Ya yi shekaru yana mai da ɗakunan gidansu na Hanoba wani gini mai kusurwoyi da koguna da ake kira Merzbau. A 1937 ya gudu Norwe, a shekarar ce kuma 'yan Nazi suka baje ayyukansa a Munik cikin waɗanda suka kira gurɓataccen zane. A 1943 bam ya rushe gidan. Da ya tsere Birtaniya a 1940 aka tsare shi a tsibirin Man, inda rashin kayan aiki ya sa ya riƙa mulmula siffofi da ragowar kunun da ake ba su, har ya yi fumfuna. A 1947, jikinsa ba ƙarfi, ya sake fara wani gini a bangon wata rumfar dutse a ƙauyen Elterwater na Ingila, ya rasu a Janairun 1948 bai gama ba. An ɗauke bangon an kai shi birnin Newcastle, yana can har yanzu.

Mako mai zuwa zan gwada sa katako, na riga na roƙi guntaye wajen kafintan layinmu. Wanda ya taɓa manna katako a kan kwali bai ɓanɓare ba, don Allah ya faɗa mini irin gam ɗin da ya sa.