Raba Na'urori Zuwa VLAN a Kan Suwic: Kada a Manta da PVID

A shagon kwamfuta na Samaru ko makarantar kuɗi a Sabon Gari, yawanci suwic ɗaya, wato akwatin da ake soka kebul ɗin na'urori don haɗa su, shi ne ke ɗauke da kowa: kwamfutar akawu, kyamarorin tsaro, har da intanet ɗin baƙi. In suwic ɗin mai saiti ne, ba sai an sayi wani ba, VLAN zai raba su, wato tsarin kasa na'urorin suwic ɗaya zuwa rukuni-rukuni kamar kowane na kan suwic ɗinsa.

Kyamara ko firinta ba ruwanta da VLAN. Kafar da aka soka kebul ɗinta ita ke nuna rukuninta. Ƙa'idar IEEE 802.1Q tana liƙa wa ƙunshin bayanai tambari mai bayit 4, lambobin VLAN da ke cikin tambarin kuma daga 1 zuwa 4094 ne. A ce 10 na ofis, 20 na kyamara, 30 na baƙi. Kafar na'ura a sa ta Untagged, wato mara tambari, a VLAN ɗaya tak. Wadda ta nufi rawuta (na'urar da ke haɗa rukunonin da intanet) ko wani suwic kuwa a sa ta Tagged, wato mai tambari, a duka ukun, kuma rawutar ta ba kowane rukuni jerin adireshinsa, kamar 192.168.20.0 ga kyamarori.

Inda aiki ya fi cijewa shi ne PVID, wato lambar VLAN ɗin da kafa ke jefa bayanan da suka shigo ba tambari a ciki. A ƙananan suwic na TP-Link Easy Smart, shafin VLAN daban, na PVID daban. Mutum ya sa kafa ta 5 cikin VLAN 20, amma PVID ɗinta na nan a 1. Duk abin da na'urar ta tura sai ya faɗa VLAN 1. Fitilar kafar tana ta ƙyaftawa kamar lafiya lau, na'urar kuma ta tsaya da adireshi mai farawa da 169.254, alamar ba ta samu amsar DHCP, mai raba adireshi, ba. Kafin a zargi kebul, a duba shafin PVID. A suwic na Cisco babu wannan wahalar, `switchport mode access` da `switchport access vlan 20` sun wadatar.

Sai dai Cisco na da nasa tarkon. In aka rubuta `switchport trunk allowed vlan 30` ba tare da `add` ba, 10 da 20 sun fita daga layin da ya nufi rawuta ko wani suwic nan take.

Ni dai ina ganin a bar kafa ɗaya a VLAN ɗin da ake shiga saiti da shi, don kada mutum ya kulle kansa a waje. A Cisco, da an gama a buga `write memory` don adana saitin, domin in aka ɗauke wuta kafin janareto ya tashi, duk saitin da ba a adana ba ya tafi.