Ledar ruwan da nake ratayawa

Duk daren da aka shigo mana da wanda wuta ta ci sosai, hannuna kan kai ga ledar ƙarin ruwa kafin in gama duba fuskarsa. Na daɗe ina aikin jinya kafin in fahimci cewa abin da ke cikin ledar nan yana da hannu a yaƙin da jikinsa zai yi da ƙwayoyin cuta bayan kwanaki.

Idan ƙuna ta wuce kashi 20 cikin ɗari na fata, ƙananan jijiyoyin jini sai su fara yoyo, ruwa ya tsere cikin tsoka, jiki ya kumbura. Wajen sanin yawan ruwan da za a ƙara, muna bin lissafin Parkland, wanda Dokta Charles Baxter ya fitar a 1968: mililita 4 sau nauyin mutum a kilo sau kason da ya ƙone. Mai kilo 70 da kashi 40 ya ƙone za a ƙara masa lita 11 da ɗoriya a kwana ɗaya, rabi cikin awa 8 na farko, kuma daga lokacin ƙunar ake ƙirgawa.

Ruwan Ringa, wani ruwan ƙari mai sinadarin laktet, muke fifitawa. Ruwan gishiri na yau da kullum yana da sinadarin kuloraid milimol 154 a lita, alhali na jini kusan 100 ne, saboda haka idan aka dirka shi da yawa jini kan yi tsami, ƙoda ta wahala. Shi ma Ringa ba ya rasa aibu: a ɗakin gwaji an ga wani nau'in laktet yana zuga fararen ƙwayoyin jini, su da wutar ta riga ta harzuƙa. Ruwan ƙari mai sitaci kuwa, tun 2013 hukumar magunguna ta Turai ta hana ba masu ƙuna.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yawan ruwan. Na taɓa jinyar wani matashi da aka yi wa ƙari fiye da kima. Cikinsa ya ɗaure tamau, idanunsa suka rufe don kumburi, numfashi ya gagara. Naman da ya jiƙe haka jini ba ya ratsa shi da kyau, kuma nan ƙwayoyin cuta suke samun wurin zama. Ya rayu, alhamdulillahi, amma sai da ya sha fama da ciwon huhu.

Tun daga lokacin nake durƙusawa gaban jakar fitsari duk awa, don yawan fitsarin ne ke nuna ko ruwan ya isa. In na ga rabin mililita ga kowane kilo ya fito, sai in je in ce wa likita mu rage gudun ruwan.