Abin da biba ta koya mini a rafin Bridge Creek

Na je Amurka karatun kula da ruwa da tunanin cewa in rafi ya lalace, a kawo katafila, a zuba kankare, magana ta ƙare. Aikin fili da malamarmu ta kai mu gabashin jihar Oregon, a rafin Bridge Creek da ke zuba cikin kogin John Day, shi ya kwance mini wannan tunani.

Rafin ya ci ƙasa har ya zama kwazazzabo, irin waɗanda ke cinye mana gonaki da damina. Ruwa na wucewa a guje, ƙasar gefe ba ta sha. Akwai biba a wurin, dabbar ruwa ce mai kama da ƙatuwar gafiya, haƙoranta ruwan goro, wutsiya faffaɗa kamar marar kwasar tuwo. Tana sare itace ta datse rafi, amma saboda zurfin ramin, ambaliya sai ta share mata aikin. Shi ya sa tun 2009 masu bincike suka fara kafa turaku a tsakiyar rafin, su saƙa rassa a tsakani, ita kuma ta ɗora nata a kai.

Da aka ba ni gyaran ɗaya daga cikin shingayen, na duƙufa ina toshe duk wata kafa, ruwa har gwiwa, hannuna sun sandare don sanyi. Malama ta tsaya a kaina ta ce, "Bar shi ya yi yoyo. Saurin ruwan kawai muke so mu rage." Raina bai so ba, amma na bari.

Da muka koma, biba ta yaɓe shingen da laka. Yashi ya taru a bayansa, gindin rafin ya ɗago, ruwa ya bazu gefe, ciyawa ta yi shar. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna ƙananan kifin steelhead, mai tafiya tsakanin rafi da teku, sun ƙaru a rafin, alhali da ana tsoron datsin zai tare musu hanya.

Ba ina cewa a kawo mana biba ba. A 1946 an ɗauko ta daga Kanada aka kai Tierra del Fuego a Ajantina don fatarta, ta kashe dazuzzuka masu yawa. Turakun da rassan nake so. Akwai kwazazzabo a bayan gonar Baba, na riga na gaya wa ƙanena ya fara tara turaku kafin ruwan farko.