Abin da MP 18 ta koya mini game da kayan da ke sito

A darasin zanen injuna na fara karanta tarihin MP 18, bindigar da Hugo Schmeisser ya tsara a masana'antar Theodor Bergmann da ke garin Suhl a Jamus. Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda ya haife ta, ya ci miliyoyin rayuka, kuma ba na mantawa da haka. Abin da ya ja hankalina shi ne shawarwarin da aka yanke wajen ƙera ta.

A 1915 kwamitin gwajin bindigogi na Jamus da ke Spandau ya nemi makamin da soja ɗaya zai iya sarrafawa a ramukan yaƙi, inda doguwar bindiga ke zame wa mai ita kaya. Da farko an so a bi gajeriyar hanya, a gyara ƙananan bindigogin Luger da Mauser C96 su riƙa ɓarin wuta. Abin bai yiwu ba. Ba su da nauyi, harbin ya yi sauri da yawa, saiti ya gagara.

Schmeisser sai ya faro daga aikin da ake so a yi. Harsashin milimita 9 na fistol ba shi da ƙarfi sosai, don haka bai sa makullin da ke kulle bayan bututun bindiga lokacin harbi ba. Nauyin ƙarfen da ke tura harsashi da sifirin ɗinsa kawai ya dogara da su. Bindigar ta haura kilo 4, tana harba kusan 500 a minti, kuma wannan nauyin ne ya sa take zama a hannu. Ta shiga fagen daga a 1918.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne gidan harsashi. Kwamitin ya dage sai an yi amfani da mai siffar dodon koɗi, mai cin 32, wanda aka yi wa doguwar Luger. Na fahimce su: ana cikin yaƙi, kuma ga shi ana ƙera shi dama. Amma cika shi sai da na'ura ta musamman, ga nauyi yana rinjayar bindigar ta hagu. Bayan yaƙi aka koma miƙaƙƙen gida, shi kuma MP 28, bindigar da ta biyo bayanta, ta gada.

Yanzu idan mai aiki ya ce mini, "Injiniya, ai muna da wannan a sito," nakan roƙi a kawo shi tun kafin in ja layi ɗaya. In auna shi, in tambayi aikin da aka yi shi dominsa, sannan in rubuta masa abin da zai rage na kuɗi da wahalar da zai ƙara wa mai riƙe injin kullum.