Jirgin Jamus ɗin da na "gano" a tekun Accra

Har yau in na ratsa Nima samari na kirana Kyaftin, kuma ba don girmamawa ba. Tef ɗin awo ne ya ja mini, wanda na manta a cikin jaka a kwalekwale.

Masuntan Jamestown, unguwar bakin teku a Accra, sun daɗe suna kukan wani wuri da ke yaga musu taru, suna ce masa jirgin Jamus. Ni kuwa labarin U-69 ya riga ya cika mini kai. Shi ne jirgin ƙarƙashin tekun da ya dasa nakiyoyi a Takoradi da Legas a watan Mayun 1941, ya kuma harbi jirgin kaya Sangara a nan gaban Accra. Jamusawa ba banza suka zo ba: a Takoradi ake haɗa jiragen saman Ingila, su bi ta Kano su nufi Masar.

Mu uku muka yi nutso a wurin da tulun iska a bayanmu, cikin Agusta, lokacin da ruwan ke sanyi ya gurɓace, da ƙyar kake ganin hannunka. A zurfin mita 30 minti 20 kawai gare ka. Fitilata ta haska wani ƙaton ƙarfe mai siffar ganga, ga ramuka zagayayyu a fuskarsa. Zuciyata ta ce ga ramukan harba tofido, wato makamin da jirgin ƙarƙashin teku ke harbin jirage da shi. Na lalubi tef, babu. Maimakon in yi haƙuri mu dawo, a daren nan na ɗora hoton a Facebook na ce mun gano jirgin yaƙin Jamus. Kafin asuba ya zaga zanguna har Kumasi.

Bayan sallar Juma'a wani dattijo da ya tsufa a ɗakin injin jiragen ruwa a Tema ya yafito ni.

"Yaro, ramukan nan nawa ne?"

"Uku, Baba."

"Kafaɗarka za ta shiga?"

"Har da tulun iskana, Baba."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Faɗin tofidon Jamus santimita 53.3 ne, irin wannan jirgin kuma rami huɗu gare shi a gaba. Abin da na gani tukunyar tururi ce ta tsohon jirgin kaya, ramukan kuwa bakin murhu ne da ake zuba kwal. Abin da ya fi ci mini rai, na san tsawon U-69 ya kai mita 67, na kuma karanta cewa a arewacin tekun Atilantika aka nutsar da shi a 1943. Zumuɗi ne ya rufe mini ido.

Muka koma a Janairu da ruwa ya washe. Tsawon gangar bai wuce mita 4 ba, kowane baki kusan mita ɗaya, ga ƙananan bututu jere a samansu, ga gutsattsarin kwal a yashi. Minti biyu awon ya ɗauka. Minti biyu!

Yanzu a wuyan hannu nake ɗaure tef tun daga gida, kuma ba na nutso tsakanin Yuli da Satumba in dai gane abu na je yi. Wayata kuwa abokina ke riƙe ta sai mun kwana. Na goge rubutun tuntuni, amma makon jiya wani ƙanena ya turo mini hoton rubutun daga Kano, yana tambaya ko gwamnati ta ba ni lambar yabo.